Inji Biyu Masu Fistin ko Turbofurof Mai Inji Ɗaya: Wane Jirgi Ya Dace da Mai Neman Na Kansa?

Duk wanda ya daɗe yana tuƙa ƙaramin jirgin sama mai inji ɗaya, har tafiye-tafiyensa suka ƙara nisa, iyali da kaya suka ƙaru, yakan iso wata mararraba inda dole ya zaɓi ɗayan hanyoyi biyu. Ko dai ya sayi jirgi mai inji biyu masu fistin, irin su Beechcraft Baron da Piper Seneca da Diamond DA62, ko kuma ya tsallake zuwa turbofurof mai inji ɗaya, wato jirgin da injinsa yake aiki irin na jet amma yana juya farfela, kamar Piper M500 da Daher TBM da Pilatus PC-12 da Cessna Caravan. A da amsar ba ta da wuya, domin har zuwa ƙarshen shekarun 1980 inji biyu shi ne matakin da kowa yake takawa. Fitowar TBM 700 a 1990, da PC-12 a 1994, da Piper Meridian a 2000, ita ce ta mayar da lamarin abin a zauna a yi lissafi.

Mafi yawan masu wannan shawara suna fara ta ne da ƙirga inji, alhali yawan inji ba shi ne abin da ya fi nauyi ba. Abin da ya kamata a aza a ma'auni shi ne kuɗin saye da na riƙewa, da irin man da jirgin yake sha da kuma inda ake samunsa, da gudu da tsayin da yake iya kai wa, da ƙarkon inji da wahalar gyara, da nauyin aikin da yake ɗora wa matuƙi, sannan abin da zai faru ran da inji ya mutu a sama. A bayan duk waɗannan akwai tambayoyi biyu da mai saye kaɗai ne zai iya amsa su: awa nawa zai yi a sama a shekara, kuma tsakanin waɗanne garuruwa?

Kuɗin saye da kuɗin riƙewa

A wajen saye, jirgi mai fistin biyu ya fi araha nesa ba kusa ba. Baron na hannu ƙirar shekarun 1970 ko 1980 ana samunsa a kan dala dubu ɗari biyu ko uku, gwargwadon lafiyar injinansa da na'urorinsa, yayin da na baya-bayan nan da kuma sabon DA62 sun haura dala miliyan ɗaya. Turbofurof kuwa, ko na hannu ne mafi araha, irin tsohon Meridian, yana dab da miliyan ɗaya, sabon TBM 960 ko PC-12 kuma yana kewayen dala miliyan biyar ko fiye. Farashi yana motsi da kasuwa, amma wannan tazarar ta daɗe ba ta rufe ba.

Sai dai arahar saye takan yaudari mutum. Mai inji biyu komai nasa biyu ne: farfela biyu, silinda goma sha biyu a Baron, fulogi ashirin da huɗu, salansa biyu, kuma kowannensu yana da ranar da zai nemi kuɗi. Injin Continental IO-550 na Baron, mai ƙarfin doki 300, ana yi masa garambawul ne bayan awa 1,700 zuwa kusan 2,000, kuma kowane ɗaya yana cin dubban daloli masu yawa, sannan a ninka sau biyu. Ba kasafai kuma yake kai wannan wa'adin ba tare da an sauya masa silinda ko an taɓa bawul a tsakani ba. Injin PT6A na kamfanin Pratt & Whitney na Kanada, wanda kusan duk waɗannan turbofurof suke amfani da shi, wa'adinsa a mafi yawan samfura awa 3,600 ne, tare da binciken sashen da wuta take ci a tsakiyar wa'adin, wajen awa 1,800; sabon samfurin PT6E da ke kan PC-12 NGX har awa 5,000 yake kaiwa. A tsakanin waɗannan lokuta ba ya yawan neman hannu. Amma ran da garambawul ɗinsa ya zo, kuɗin ɗaruruwan dubban daloli ne a lokaci guda, wanda zai iya sayen tsohon Baron sukutum.

Ke nan mai fistin yana cin kuɗi ne kaɗan-kaɗan ba tare da sanarwa ba, turbofurof kuma yana ci da yawa amma a lokacin da aka sani tun da wuri. Wanda yake tashi awa ɗari biyu ko uku a shekara zai iya raba manyan kuɗaɗen turbofurof a kan awoyi masu yawa har lissafin ya zauna. Wanda ba ya wuce awa hamsin ko sittin, kuɗin inshora da na horo na shekara-shekara da binciken da kalanda take wajabtawa ko jirgi ya tashi ko bai tashi ba, za su sa kowace awa ta yi masa tsadar da ba ta da dalili. Inshora ma tana bin darajar jirgi ne, don haka ta jirgin miliyan huɗu ba za ta taɓa zama daidai da ta jirgin dubu ɗari uku ba.

Mai

Nan ne wurin da nake ganin ya kamata mai karatu a Najeriya ko Nijar ko Chadi ya fi tsayawa, domin lissafin da ake yi a Amurka ba ya aiki a nan yadda yake. Injin fistin na gargajiya yana shan fetur na musamman da ake kira avgas 100LL, mai ɗauke da dalma. A Amurka kusan kowane ƙaramin filin jirgi yana sayar da shi. A Afirka ta Yamma kuwa ba a samunsa sai a wurare ƙalilan, sau da yawa a cikin duro, da tsada, kuma wanda ya sauka a filin da babu shi sai ya jira a kawo masa ta mota. Turbofurof yana shan Jet A-1 ne, wato kananzirin jirgi, wanda duk filin da jiragen fasinja suke sauka ake sa ran samunsa. Jirgin da ba ya samun mai a inda mai shi yake son zuwa, arahar sayensa ba ta da amfani.

Ko a ƙasashen da avgas yake wadace, makomarsa tana da alamar tambaya. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yanke a 2023 cewa dalmar da ke fita daga hayaƙin waɗannan jirage tana cutar da lafiyar jama'a, kuma hukumar sufurin sama ta ƙasar tare da kamfanoni sun sa ƙarshen 2030 a matsayin lokacin da suke son a rabu da man mai dalma. Wanda zai zuba kuɗi a jirgin da yake son riƙewa shekara goma sha biyar ya kamata ya sa wannan a lissafinsa.

Akwai hanya ta uku da ta rushe wannan rabon. Diamond DA42 da DA62, ƙirar Ostiriya, suna da inji biyu masu fistin amma irin na dizal, waɗanda suke shan Jet A-1. DA62 yana da inji biyu masu ƙarfin doki 180 kowanne, yana ɗaukar mutum bakwai idan an sa kujerun baya, kuma duka injinan biyu a haɗe ba sa kai rabin abin da Baron yake sha idan an sassauta gudu. Kwalejin horar da matuƙa jirgin sama ta Zariya, wadda ta daɗe tana amfani da jirage masu shan avgas irin su Baron 58, ta koma sayen jiragen Diamond, kuma wahalar avgas da tsadarsa suna cikin dalilan.

Gudu, tsayi da yanayi

| Jirgi | Inji | Mai | Gudu (kilomita a awa) | Shan mai (lita a awa) | Matsin iska a ciki |
|---|---|---|---|---|---|
| Baron 58 | fistin 2 | avgas | kimanin 370 | kimanin 120 | babu |
| Diamond DA62 | dizal 2 | Jet A-1 | 320 zuwa 350 | 45 zuwa 70 | babu |
| Piper M500 | turbofurof 1 | Jet A-1 | kimanin 480 | kimanin 145 | akwai |
| TBM 960 | turbofurof 1 | Jet A-1 | har 610 | kimanin 220 | akwai |
| Pilatus PC-12 | turbofurof 1 | Jet A-1 | kimanin 520 | kimanin 240 | akwai |
| Cessna Caravan | turbofurof 1 | Jet A-1 | kimanin 330 | kimanin 190 | babu |

Alƙaluman na ƙiyasi ne a tsakiyar tafiya, kuma suna sauyawa da nauyi da tsayi da zafin rana. Abin da teburin bai nuna ba shi ne cewa turbofurof mai matsin iska, wato wanda ake cusa iska a ɗakinsa don a iya numfashi a can sama, ba ya samun wannan gudun da wannan tsimin mai sai ya hau sama sosai, ƙafa 25,000 zuwa 30,000. A ƙasa-ƙasa shan mansa yana ƙaruwa ƙwarai. Saboda haka a gajeriyar tafiya kamar Kano zuwa Abuja, wadda ba ta kai kilomita 400 ba, kafin ya gama hawa lokacin sauka ya yi, kuma abin da zai riga Baron da shi bai fi minti goma sha biyar ko ashirin ba. Kano zuwa Legas kuwa, kimanin kilomita 830, Baron zai yi kusan awa biyu da rabi, TBM kuma wajen awa ɗaya da rabi. Gwargwadon nisan tafiya, gwargwadon yadda turbofurof yake biyan kuɗinsa.

Tsayin ma yana da nasa amfanin ban da gudu. Baron 58 da Seneca da DA62 ba su da matsin iska a ɗakin fasinja, don haka da zarar an wuce ƙafa dubu goma zuwa goma sha biyu sai an koma shaƙar iskar oksijin ta bututu, abin da fasinjoji, musamman yara da tsofaffi, ba sa jurewa. Wannan ya sa yawancin tafiyarsu a ƙasa da wannan tsayin take, inda girgizar iskar zafin rana da ƙurar hunturu da gajimaren damina suka fi yawa. Jirgi mai matsin iska yana ratsa yawancin wannan daga sama. Kada dai a ɗauka cewa ya fi ƙarfin hadari, domin hadarin damina a yankinmu yana tashi sama da ƙafa 40,000, kuma babu ƙaramin jirgin da ke haye shi. Kewaye shi ake yi, sai dai daga sama an fi hango inda ya kamata a bi.

Akwai masu fistin biyu da ke da matsin iska, irin su Cessna 340 da 414 da 421, kuma farashinsu a kasuwar na hannu yana jan ido. Sai dai an daina ƙera su tun tsakiyar shekarun 1980, mafi ƙuruciya a cikinsu ya kai shekara arba'in. Injinansu masu turbo suna aiki cikin zafi mai tsanani, salansarsu tana ƙarƙashin binciken dole a kai a kai, kuma ƙashin fiffiken wasu samfuran yana buƙatar ƙarfafawa mai tsada. A hannun mai shi da ke da ƙwararren makaniki a kusa, jirage ne masu daɗin tafiya. A wurin da sai an yi odar kowane ƙusa daga Amurka da dala, ina ganin sun fi kowane zaɓi iya cinye dukiyar mutum alhali suna ajiye a rumfa.

Ran da inji ya mutu

Hujjar da aka fi kafawa da ita wajen fifita inji biyu ita ce idan ɗaya ya mutu akwai ɗaya. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Ƙaramin jirgi mai inji biyu idan ya rasa ɗaya, rabin ƙarfinsa ne ya tafi, amma kimanin kashi tamanin cikin ɗari na iya hawansa ne yake tafiya, domin hawa yana dogara ne a kan rarar ƙarfin da ta saura bayan abin da ake buƙata don tafiya a miƙe. Tsohuwar dokar Amurka ma ba ta wajabta wa mafi ƙanƙanta a cikinsu, waɗanda nauyinsu bai wuce fam 6,000 ba kuma suke iya tafiya a hankali sosai, su nuna cewa za su iya hawa da inji ɗaya ba. Idan aka haɗa da cikakken lodi da zafin watan Afrilu, ko filin da ke kan tudu kamar na Jos, wanda ya haura ƙafa 4,000 daga matakin teku, injin da ya rage ba lallai ne ya iya ɗaga jirgin ba ko kaɗan.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne daƙiƙun farko bayan tashi. Injin da ke raye yana jan jirgin ya karkata zuwa ɓangaren mataccen, kuma dole matuƙi ya taka feda ya tsayar da karkatar, ya gane wane inji ne ya mutu, ya tabbatar, ya juya ruwan farfelarsa su daina tare iska, ya janye tayoyi, duk wannan ba tare da barin gudu ya faɗi ƙasa da jan layin da ke kan agogon gudu ba. Idan ya faɗi ƙasa da wannan layin, jirgin yana iya kifewa a gefe ɗaya kusa da ƙasa, inda babu sararin gyara. An sha samun matuƙan da suka kashe injin mai lafiya cikin ruɗewa. Inji na biyu yana ceton rai ne a hannun wanda yake maimaita wannan atisayen a kai a kai, aƙalla duk wata shida. A hannun wanda rabonsa da shi tun ranar da ya ci jarrabawar lasisi, ƙarin haɗari ne.

Idan kuwa injin ya mutu ne a tsakiyar tafiya, da dare, ko a kan teku, ko a kan hamada kamar hanyar Agadas, inji na biyu ba shi da madadi. Matuƙi yana da lokaci, zai gyara zaman jirgin a natse ya nufi fili mafi kusa.

Turbofurof mai inji ɗaya yana tunkarar matsalar ne ta wata fuska: injin da ba ya yawan mutuwa. A cikinsa babu fistin da ke kai da komo, komai juyawa kawai yake yi, kuma tarihin aikin PT6 tun daga shekarun 1960 ya nuna cewa mutuwarsa a sama ta fi ta injin fistin ƙaranci sosai. Wannan tarihin ne ya sa Amurka a 1997, sannan Tarayyar Turai a 2017, suka amince a ɗauki fasinjojin haya da irin waɗannan jirage cikin gajimare da dare, kuma ƙungiyar likitocin sama ta Ostireliya ta daɗe tana jigilar marasa lafiya da PC-12 a kan dajin da babu kowa. Idan ya mutu, babu karkata, babu tantance wanne ne. Jirgin ya zama mai shawagi, kuma daga ƙafa 25,000 yana iya lulawa kilomita ɗari ko kusa da haka kafin ya taɓa ƙasa. A Turai da Amurka wannan tazarar takan ƙunshi filaye da dama. Tsakanin filayenmu da ke nesa da juna ba koyaushe ba ne, kuma wannan gaskiya ce da bai kamata masu tallan turbofurof su tsallake ta ba.

Sauƙin tuƙi da horo

Baron yana da hannuwa shida na sarrafa inji, biyu na wuta, biyu na farfela, biyu na cakuɗa mai da iska, kuma matuƙi yana lura da zafin silinda a duk tsawon tafiya. Turbofurof yawanci hannun wuta ɗaya ake aiki da shi a sama, DA62 kuma hannu ɗaya ne ga kowane inji, domin kwamfuta ce take kula da injinansa. Piper M600 na baya-bayan nan da sababbin TBM ma suna da tsarin kamfanin Garmin mai saukar da jirgi da kansa idan matuƙi ya kasa, wanda aka fara amincewa da shi a 2020. Amma sauƙin hannu ba ya nufin sauƙin aiki. Kuskure ɗaya wajen tayar da turbofurof, misali da batir mai rauni, yana iya ƙona cikin injin a cikin daƙiƙu kaɗan, asarar da ta fi garambawul ɗin injin fistin. Gudunsa yana sa komai ya zo da sauri, tsayinsa kuma yana kawo batun ƙanƙara da haɗarin rasa matsin iska. Kamfanonin inshora sukan buƙaci horo a na'urar kwaikwayon tuƙi duk shekara, da wasu awoyi tare da gogaggen matuƙi kafin a bar sabon mai shi ya tashi shi kaɗai. Ga mazaunin Najeriya, wannan horon sau da yawa yana nufin tafiya waje, kuma ya kamata tun kafin saye a tambayi NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, abin da take buƙata a lasisi, a kuma tabbatar akwai wurin gyara da aka amince da shi ga wannan samfurin. Ƙura ma tana da tasiri ga kowane ɓangare: tana toshe matatar iskar injin fistin, tana kuma cin ruwan kwamfuresan turbofurof a hankali, don haka wanke shi a kai a kai ba abin sakaci ba ne a lokacin hunturu.

Wa ya dace da wanne

Wanda yawancin tafiyarsa ta wuce kilomita 700, yana tashi awa ɗari da hamsin ko fiye a shekara, kuma yana da hali ya ware kuɗin garambawul tun daga awar farko, turbofurof mai matsin iska ne ya dace da shi. Idan su biyu ne ko uku da kaya kaɗan, M500 ko tsohon Meridian ya isa, sai dai a san cewa idan aka cika tankinsa nauyin da ya rage wa fasinja kaɗan ne. Idan gudu ne babban buri, TBM. Idan iyali ne babba ko abokan kasuwanci da kaya masu yawa, PC-12 da ƙatuwar ƙofarsa ta kaya da iya sauka a titin da ba kwalta.

Wanda aikinsa ya shafi gona ko ma'adinai ko jigila zuwa gajerun filaye na ƙasa, bai kamata ya damu da gudu ba. Caravan, mai tayoyin da ba a janyewa, an ƙera shi ne don irin wannan.

Wanda kuɗinsa bai kai turbofurof ba, tafiyarsa matsakaiciya ce, amma yana yawan ratsa ruwa ko hamada ko tashi da dare, kuma yana zaune a inda avgas yake wuya, DA62 ko DA42 ne mafi kusa da bukatarsa, muddin ya yarda da zama a ƙasa da gajimare mai tsayi da kuma neman makanikin da ya san injinan dizal na jirgi.

Baron ko Seneca na hannu yana dacewa da wanda ke zaune a inda avgas yake samuwa ba tare da wahala ba, yana da makanikin da ya saba da injin Continental, kuma yana da niyyar biyan malami ya riƙa kashe masa inji ɗaya a atisaye sau biyu a shekara. Wanda kuma bai kai awa hamsin a shekara ba, ko dai ya tsaya a kan mai fistin ɗaya da ya saba da shi, ko ya haɗa hannu da abokin tarayya su raba jirgi ɗaya da kuɗin riƙonsa, ko kuma ya riƙa ɗaukar shata a duk lokacin da doguwar tafiya ta taso.